Kamfanin Takarda: Masu Sayen Izinin Aiki Da Sunan Kasuwanci

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Deira, tsohuwar unguwar ciniki ta Dubai, ya san irin ofisoshin nan na saman shaguna: ɗan ɗaki, tebur biyu, injin buga takardu, da allo a ƙofa mai alƙawarin buɗe wa mutum kamfani cikin 'yan kwanaki, da biza a haɗe. A ƙasa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi na ta ciniki a kan yadi, turare, wayoyi da zinare, ana naɗe kaya da leda ana rubuta sunan mai su da lambar wayarsa kafin a miƙa wa masu kago. A sama kuwa wata haja ake sayarwa daban. Tallanta ya daɗe da tsallako teku, yanzu har cikin waya yake iske matashi, a TikTok da WhatsApp, wani lokacin ma da Hausa tsantsa: kawo kuɗi mu yi maka rajistar kamfani, kamfaninka ya tsaya maka, ka samu takardar zama ta shekara biyu, ba kafili, ba maigida.

Wannan dabara ba ƙarya ba ce, kuma a ƙasashe da dama ba ta saɓa wa doka ba. Ana buɗe kamfanin, ana buga bizar, mutum ya sauka a filin jirgi ya wuce ba wanda ya tare shi. Matsalar tana wani wuri ne. Izinin da aka samu ta hanyar kamfani yana ɗaure ne da ran kamfanin, kamfani kuma ciniki ne ke riƙe shi. Wanda ya tafi da kasuwancinsa a hannu, takardar za ta yi masa amfani ƙwarai. Wanda kuwa aiki ya tafi nema, ya buɗe kamfani don kawai a bar shi ya zauna, ya ɗauko hayar takarda ce mai tsada wadda sai an sabunta ta kowace shekara, kuma ba ta ma ba shi damar yin aikin da ya je nema ba.

Me ya kawo kamfani cikin maganar biza

Kusan ko'ina a duniya, baƙo ba ya nemar wa kansa izinin aiki. Wanda zai ɗauke shi aikin ne ke nema masa, shi ne kuma hukuma ke kamawa idan wani abu ya taso. A ƙasashen yankin Tekun Fasha wannan tsari ya fi tsauri, domin shi ne asalin kafalanci, inda sunan kafili ke manne da igamar ma'aikaci. An sassauta shi a shekarun nan, amma labaran waɗanda aka riƙe wa fasfo, ko aka hana albashin watanni, ko aka kai ƙararsu cewa sun gudu alhali korarsu aka yi, ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Don haka idan aka ce wa mutum ga hanyar da zai zama shi ne kafilin kansa, dole ransa ya biya. Ga kuma abin da ke tunkuɗa shi daga gida: tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500, albashin gida ya zama ba ya kai mutum tsakiyar wata. Mai digiri da ba shi da aiki da ƙaramin ɗan kasuwar da jarinsa ya narke duk sun juya ido waje.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda Dubai ke cikinta, ta fi kowa sauƙaƙa wannan ƙofa, kuma da gangan ta yi. Tun da aka buɗe yankin ciniki na musamman na Jebel Ali a 1985, irin waɗannan yankuna suka yi ta ƙaruwa har suka haura arba'in, kowanne da hukumarsa mai sayar da lasisi, suna gasar farashi a tsakaninsu. A 2021 kuma aka janye sharaɗin nan na cewa sai ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 na kamfanin da ke wajen waɗannan yankuna, a yawancin sana'o'i. Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin dalili: an dakatar da ba 'yan ƙasar biza tun wajen ƙarshen 2022, ba a dawo da ita ba sai a watan Yulin 2024, ta kuma dawo da sharuɗɗa masu tsauri. Ɗan kasuwar da ya ɗanɗana wannan kulle, ba abin mamaki ba ne ya so takardar zama da za ta raba shi da zullumin neman biza kowace tafiya.

Lissafin da dillali ba ya kai wa ƙarshe

Farashin da ake bugawa a talla na shekarar farko ne, kuma galibi lasisi ne kawai. A kansa akwai kuɗin buɗe wa kamfanin fayil a hukumar shige da fice, kuɗin bizar kanta, gwajin jini da hoton ƙirji, katin shaidar zama, inshorar lafiya, sai hayar wurin aiki, wanda ga masu ƙaramin ƙarfi tebur ne guda da kamfanoni barkatai ke tarayya a kansa, akasarinsu ba su taɓa zama a kai ba. Idan aka tattara, abin kan tashi daga dirhami dubu goma sha wani abu zuwa dubu ashirin ko fiye. Dirhami kuwa a ɗaure take da dala, kusan 3.67 a kowace dala ɗaya, wato duk faɗuwar da naira ta yi a gaban dala ta yi ta a gaban dirhami. Magana ce ta miliyoyin naira tun kafin a biya kuɗin jirgi, kafin a samu makwanci, kafin a ci abinci. Bizar shekara biyu ce, amma lasisin duk shekara ake sabunta shi, kuma da zarar ya mutu bizar ta rasa abin da ta jingina da shi, tara ta fara hawa.

Sannan ga banki. Kamfanin da ba shi da asusu ba zai karɓi kuɗin kowa ba, bankunan Daular kuwa sun ƙara matsa bincike tun da hukumar duniya mai sa ido kan halatta kuɗin haram ta sa ƙasar cikin jerin waɗanda ake sa wa ido a 2022, kafin a cire ta a farkon 2024. Suna tambayar rasiɗan ciniki, yarjejeniya da abokan hulɗa, da bayanin inda jari ya fito. Mai kasuwanci na gaske zai zaro waɗannan daga jaka. Mai kamfanin takarda ba shi da ko ɗaya, sai ya yi watanni yana zarya tsakanin bankuna. Tun Yunin 2023 kuma akwai harajin kamfanoni na kashi 9 a kan ribar da ta wuce dirhami 375,000. Mutum zai ce ai shi bai ci ribar komai ba, ina ruwansa. Da ruwansa, domin rajistar harajin wajibi ce ko da riba ko babu, kuma an sa tarar dirhami 10,000 a kan jinkirin yin ta.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne iyakar takardar kanta. Bizar da aka samu ta kamfani tana ba mutum damar tafiyar da wannan kamfanin ne, a sana'ar da aka rubuta a lasisinsa. Ba ta mayar da shi ɗan ƙasa mai iya shiga kowane shago ya nemi aiki ba. Idan wani otal ko kamfanin tsaro ya yarda zai ɗauke shi, sai an nemo masa izini daga hukumar ƙwadago, sau da yawa ma sai an soke tsohuwar bizar an yi sabuwa da sunan sabon maigidan, wato miliyoyin da aka kashe sun tafi a banza. Idan kuwa ya yi aikin a ɓoye, ya koma halin da ya kashe kuɗi don ya guje wa: ba shi da yarjejeniyar da zai nuna wa kotu idan aka hana shi haƙƙinsa, kuma gyaran dokar ƙwadago na 2024 ya kai tarar mai ɗaukar ma'aikaci ba izini daga dirhami dubu ɗari har zuwa miliyan ɗaya, don haka mai kamfani mai hankali ba zai kusance shi ba. Waɗanda za su kusance shi su ne masu neman wanda ba shi da bakin kuka. Afuwar da Daular ta yi wa masu zama ba bisa ƙa'ida ba daga Satumba zuwa ƙarshen Disamban 2024 ta nuna yawan mutanen da ke maƙale a ƙasar bayan takardunsu sun mutu, ko ta wace hanya suka shigo.

Gwamnatoci sun gane dawan garin

Dubai ma sauƙi ce idan aka dubi sauran wurare. A Turkiyya, wadda 'yan kasuwar kayan sawa da kayan ɗaki suka saba da ita, ƙa'idar ita ce kamfani ya ɗauki 'yan ƙasa biyar a kan kowane baƙo ɗaya da yake nema wa izinin aiki, ya biya su albashi da kuɗin inshorar ma'aikata. A Tailan 'yan ƙasa huɗu ne da jarin bat miliyan biyu a kan kowane izini. Japan ta daɗe tana ba mai jarin yen miliyan biyar bizar manajan kasuwanci, da ta ga kamfanonin da babu komai a cikinsu sai adireshi sun yi yawa, sai ta ninka adadin sau shida zuwa miliyan talatin a Oktoban 2025, ta ƙara da sharaɗin ɗaukar ma'aikaci na dindindin. Ita kuwa Estoniya, wadda tun 2014 take ba kowa damar buɗe kamfani ta intanet daga ɗakinsa, ta sha nanata cewa katin da take bayarwa ba biza ba ne, ba ya ba mutum izinin shiga ƙasar balle zama. Duk da haka ana samun masu tallata shi a matsayin ƙofar Turai.

Birtaniya ta bi wannan hanya ta dawo. Ta taɓa samun bizar 'yan kasuwa da ke neman fam 200,000 da samar wa mutum biyu aiki, ta rufe ta a 2019 bayan masu ba ta shawara kan shige da fice sun gano cewa da yawa daga kasuwancin da aka kafa ba su da wani tasiri. Abin da lauyoyi ke tallatawa yanzu shi ne mutum ya kafa kamfani, kamfanin ya nemi lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, sannan ya ɗauko mai shi. Ba a haramta ba, amma sai an nuna cewa gurbin aikin na gaske ne, kuma kamfanin na iya biyan albashin da doka ta gindaya, wanda ya tashi zuwa fam 38,700 a 2024, ya sake haurawa 41,700 a 2025. Kamfanin da ba ya ciniki, daga aljihun wa zai biya wannan albashi, da harajin da ke kansa? Daga aljihun mai shi ne, wanda ya zo neman kuɗi. Idan kuma aka ƙwace lasisin, kamar yadda aka ƙwace na kamfanoni masu yawa a harkar kula da tsofaffi, ma'aikaci kwana sittin yake da shi ya samu wani ko ya tattara komatsansa.

Duk waɗannan dokoki abu ɗaya suke aunawa, kowace da irin mudunta: shin akwai kasuwanci a bayan takardar nan? Jari, ma'aikata 'yan ƙasa, albashi, haraji, duk hanyoyi ne na sa ƙaryar ta fi gaskiya tsada.

Kusa da gida: Ghana, da Kantin Kwari

Ba sai an tsallake teku za a ga wannan ba. Hausawa sun ɗauki ƙarnoni suna fataucin goro zuwa Gonja, zangon Kumasi da na Accra shaida ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana casa'in ba biza. Amma shiga daban, buɗe shago daban. Dokar zuba jari da Ghana ta yi a 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa saye da sayarwa a kasuwa da talla, ta ce baƙon da ke son harkar ciniki ya kawo dala miliyan ɗaya, kuɗi ko kaya, ya kuma ɗauki 'yan Ghana ashirin aiki. Har yawan baƙin da kamfani zai samar wa izini an ɗaure shi da girman jarinsa. Da wannan doka ƙungiyar 'yan kasuwar Ghana ta yi ta garƙame shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020, har ta kai Femi Gbajabiamila, kakakin Majalisar Wakilai a lokacin, ya tafi Accra neman sulhu. Da yawa daga waɗanda aka kulle wa shago suna da rajistar kamfani, suna biyan haraji. Rajistar ba ta cece su ba, domin doka ba ta ita take tambaya ba. Tsofaffin zango kuwa ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice.

Kafin a yi wa Ghana tofin Allah tsine, yana da kyau a waiwayi Kano. 'Yan Kantin Kwari sun daɗe suna kukan cewa 'yan China sun shigo da sunan masu masana'anta ko manyan dillalai, sun ɓige da sayar da atamfa ɗai-ɗai a kasuwa, har a 2012 jami'an shige da fice suka kama gommansu a Kano kan wannan zargi. Najeriya ma tana neman kamfanin baƙo ya samu izinin kasuwanci da adadin guraben baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kafin ya kawo kowa. Abin da ɗan Kwari ke nema a kan ɗan China, shi ɗan kasuwar Makola ta Accra ke nema a kan ɗan Najeriya.

Sunan wani, dukiyar wani

Inda sharaɗi ya fi ƙarfin mutum, sai a koma ga ɗan ƙasa ya ba da aron sunansa. A Saudiyya wannan tsohuwar al'ada ce da ake kira tasattur: shago ko gidan abinci na baƙo ne, shi ya zuba jari, shi ke kwana a kai, amma takardu duk da sunan Basaudiye, wanda ke karɓar wani abu duk wata. Hausawan Makka da Jidda sun san ta sarai. Sabuwar dokar da aka yi a 2020 ta kai hukuncinta har ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan biyar, da ƙwace abin da aka samu, da korar baƙon. Amma ko hukuma ba ta kama kowa ba, hatsarin na nan cikin tsarin kansa. A idon doka dukiyar ta mai suna ce. Ranar da ya canza ra'ayi, ko bashi ya kama shi, ko ya rasu magada suka zo rabon gado, mai dukiyar gaskiya ba shi da inda zai kai kuka, domin hujjarsa ita ce shaidar laifinsa. Amana na riƙe irin wannan hulɗa shekara da shekaru, ba a musu, sai dai ba a gadon amana kamar yadda ake gadon shago.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujja ta farko ita ce ai ga waɗanda suka yi suka dace, suna Dubai da iyalansu. Gaskiya ne. Amma a dubi su wane ne. Mai kago ne da ke da kwastomomi a Kano tun kafin ya tafi, ko mai zinare, ko mai haɗa manhajar kwamfuta da ake biya da dala daga Turai. Kamfanin ya zo ne ya rufa wa cinikin da ke tafiya asiri ta fuskar doka. Waɗanda lasisinsu ya mutu a shekara ta biyu suka dawo gida shiru ba sa ɗaukar bidiyo, don haka mai kallo daga Kano rabin labarin yake gani.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa waɗannan sharuɗɗa zalunci ne, an buɗe wa mai kuɗi ƙofa an rufe wa mai ƙarfi a jika, don haka ba laifi talaka ya yi wa tsarin dabara. Rabin farko na maganar daidai ne. Duniyar da mai dukiya ke sayen izinin zama na shekara goma da kuɗin gida ɗaya, magini kuwa ya yi shekara ashirin yana gina garin ba shi da tabbacin gobe, ba duniyar adalci ba ce. Sai dai dabarar ba ta cutar da tsarin da komai. Hukumar yankin ciniki ta karɓi kuɗin lasisinta, dillali ya ci ladansa, mai hayar tebur ya samu nasa. Wanda aka tatsa shi ne mai dabarar, da mahaifin da ya sayar da fili, da mahaifiyar da ta kwashe kuɗin adashinta.

Akwai kuma masu cewa ko ba komai ya fi bin Agadas a tsallaka sahara a faɗa hannun masu safarar mutane a Libiya. Babu mai hankalin da zai musa. Amma mai miliyan bakwai ko takwas a hannu ba shi ne ke hawa bayan a-kori-kura zuwa Dirku ba. Zaɓinsa na gaskiya shi ne tsakanin kamfanin takarda da neman aiki ta hanyar wanda zai ɗauki nauyin bizar, kamar yadda dokar Daular ta ɗora wa maigida ta kuma hana a caji ma'aikaci kuɗin ɗaukarsa, ko kuma ya juya kuɗin a sana'ar da ya iya har ta yi ƙarfin da za ta buƙaci reshe a waje. Hanyar farko ce kaɗai cikin ukun take cin kuɗi kowace shekara ba tare da ta kawo komai ba.

Fita ta fi shiga wuya

Abin da ba a taɓa gani a talla ba shi ne yadda ake rufe kamfanin. Ba a barinsa ya mutu don kansa. Sai an soke bizar duk wanda ke ƙarƙashinsa, har da mata da 'ya'ya idan an kawo su, a rufe fayil ɗin shige da fice, a rufe asusun banki, a cire suna daga rajistar haraji, a wasu yankunan ma sai an kawo rahoton mai binciken kuɗi, kowane mataki kuma da kuɗinsa. Wanda ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya hau jirgi ya dawo gida ba tare da ya bi waɗannan matakai ba, tarar rashin sabunta lasisi na iya ci gaba da taruwa a kan sunansa, kuma hukumar na iya hana shi buɗe wani kamfanin ko samun wata bizar zama sai ya biya. Sau da yawa ba ya sanin haka sai bayan shekaru, lokacin da ya samu aikin gaske a ƙasar, maigidan ya shigar da lambar fasfonsa a kwamfuta, aka ce akwai tsohon lissafi da sai an share kafin a ci gaba.